Paulina Mai Tulu da Cittar Maƙwabciya

A Kwoi, in ka ce kana neman Paulina, sai a tambaye ka wacce. In ka ce Paulina mai tulu, sai a nuna maka gidan, a kuma ba ka shawara ka fara cin abinci kafin ka je, don ba a jure bakinta da yunwa. Gajeruwa ce mai kaurin dantse. Shida ta haifa, huɗu suka tsaya. Mijinta Silvanus kowa yana yabon haƙurinsa, ko da yake babu wanda ya taɓa ba shi fili a ga ko yana da abin faɗa.

Ba ta yi makaranta ba. Littafin waƙoƙinta yakan zo coci a naɗe cikin ɗankwali, ya koma gida yadda ya zo. Amma a miƙa mata tulun zumuntar mata, ta kafa shi tsakanin gwiwoyi ta daki bakinsa, sai ka ga dattawan da ke kukan ciwon baya sun manta a wane gefe ciwon yake. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, kuma ba ta yarda a manta da adadin.

A shekarar 1974 aka sa babban taron zumunta a Kafanchan, kwana uku, ƙarshen Afrilu. Tun Kirsimeti matan suke koyon waƙa. Paulina ta ɗinka sabon anko, ta gasa tulun a rana, ta kuma sanar da duk mai kunne cewa bana matan Fadan Kaje za su san an zo.

Ana saura kwana biyu, maciji ya sari Meshak, mijin maƙwabciyarta Angelina, a bakin gona. Aka ɗauke shi zuwa asibiti, matar ta bi shi da goyo. Ranar ce kuwa suka gama shuka citta. Ita citta, ba a shuka ta a juya mata baya. Sai an shiga daji an saro ɗanyen ganyen doka an lulluɓe gonar kaf, in ba haka ba rana ta dafa irin a cikin ƙasa. Irin da ke gidan ke nan gaba ɗaya, kuma da cittar nan suke ci, da ita suke sutura.

Kada wani ya zaci Paulina da Angelina ƙawaye ne. Shekara biyu ba su gaisawa sai a ƙofar coci, saboda aladen Angelina da ya mai da gwazar Paulina abincin safe.

Da safen tafiya mata suka taru a gindin mangwaro, babbar motar roka na jira. Sai ga Paulina da tsohon zane, tulu a ka, adda a hannu. Ta sauke tulun a gaban Irene, wata amarya mai son kiɗa da hannu kamar na mai kashe sauro. Emilia, matar fasto kuma shugabar zumunta, ta ja Paulina gefe. A hankali ta tuna mata cewa taron nan sujada ce, ba yawo ba, kuma gona ba ta guduwa.

"Mama, gona ba ta guduwa, amma rana ma ba ta zuwa taro," in ji Paulina. "Bara kwana uku ana koya mana zancen maƙwabci, har ɗuwawuna ya mutu a kan benci. Na riƙe shi sarai. Bari in gwada in ga ko yana aiki."

Emilia ta kama hannunta. Ta yi mata addu'a gajeruwa, motar ta tashi. Paulina ta tsaya har ta daina jin waƙar, sannan ta share ido, ta ce hayaƙin mota ne.

Kwana uku ita da Silvanus suna sara suna ɗauka. Dajin da nisa, gonar kuma ta ƙi ƙarewa. Tana tafe da dami a ka tana rera waƙoƙin taron ɗaya bayan ɗaya, Silvanus yana biye yana ɓata mata amshi. A rana ta biyu wasu tsofaffi biyu da ƙafa ta hana su tafiya Kafanchan suka zo suka zauna suna shimfiɗa ganyen. Ba ta gode musu ba, amma ta dafa musu gwate.

Matan suka dawo da labarin cewa an yi albarka, sai dai tulu ya riƙa gudu waƙa na bin sa. Paulina ta ce Allah ya ji, shi ya saba da haƙuri. Amma ta kwana biyu ba ta da fara'a.

Meshak ya dawo da sanda bayan mako uku. Angelina ba ta ko shiga gida ba, ta wuce gona. Ta tarar da maƙwabciyar tata a durƙushe tana ɗaga ganye tana leƙawa. Tsiro ya fito, kore shar, siriri kamar allura, layi bayan layi.

Angelina ta durƙusa ta ce, "Mama..."

"Tashi, ba ni ce bagaden coci ba," in ji Paulina. "Zo ki ga yadda kika cusa cittar a nan kamar fasinjan jirgi. Baɗi ki kira ni kafin ki shuka."