Mayafin Suruki

Nai Marudut ta gama shirin mutuwarta tun tana da ƙarfin ɗaukar buhun albasa daga gona zuwa bakin tafki. Ni matar ƙaninta ce, tabarmarmu ɗaya a kasuwar Pangururan, saboda haka kunnena ya sha bayani. Ta zaɓi makaɗa, ta zaɓi ɓaunar da za a yanka, har wanda zai buɗe rawa ta faɗa. A wurinmu, wanda ya aurar da 'ya'yansa kaf ya ga jikoki, ba a yi masa kuka. Kiɗa ake yi, a kewaye gawarsa da rawa. Amma in ɗaya ya rage bai yi aure ba, dattawa sai su rage hidimar, a binne ka a matsayin wanda ya bar aiki rabi.

Ita kuwa ba ta san barin aiki rabi ba. Miji ya mutu ya bar mata yara ƙanana, ta raine su da albasa, ta aurar da su ɗaya bayan ɗaya. Saura auta, Lamria.

Sai Lamria ta dawo daga makarantar jinya ta ce ita sistar coci za ta zama, mai zaman zuhudu, ba aure.

"Duk 'yan matan tsibirin nan Allah bai ga ta kowa ba sai tawa?" in ji uwar.

"Inang, uwata, kiran Allah ne," in ji Lamria.

"Kira? Tun safe nake kiranki ki zo mu tsince albasa, wannan ba ki ji shi ba."

Lamria ta tafi. Kowa ya zaci Nai Marudut za ta yi yaji daga coci, amma ba su san ta ba. Kowace Lahadi tana kujerar gaba, ta harɗe hannu, ta rufe baki gam, ita da muryarta ke jan waƙar mata. Ta ce mini so take Allah Ya ganta da kyau Ya san fushi take yi. Da Fada ya zo lallashi ya ce a bar nufin Ubangiji ya cika, sai ta miƙa masa kofi ta ce, "Amang Fada, babanmu, nasa kullum cika yake yi. Ni sau ɗaya na roƙi nawa."

Taurin kanta ya sha ba ni haushi. Amma na sha jin ta a gona tana addu'a da ƙarfi, tana yi wa Allah faɗa tana kuka, sai tausayinta ya kama ni.

Shekaru suka wuce, ranar da Lamria za ta ɗauki alkawarin har abada ta zo. Uwar ta rantse ba za ta taka wurin ba. Da na isa bakin jirgin ruwa da safe, sai ga ta zaune da ƙunshi a cinya.

"Eda, ba ke kika ce ba za ki ba?" na ce, don haka matar ƙani ke kiran yayar mijinta.

"Zauna, kina tare mini iska."

A coci aka sa wa Lamria zobe, alamar ta zama amaryar Yesu. Kafin a tada waƙa, Nai Marudut ta miƙe ta nufi gaba tana kwance ƙunshin. Ulos ne, mayafin da uwar amarya ke yafa wa ango ranar biki, wanda ta saƙa da hannunta ta ajiye wa mijin autarta. Wani dattijon coci ya yunƙura zai tare ta, ta yi masa kallo ɗaya ya koma ya zauna. Ta je wurin siffar Yesu da ke tsaye gefen bagade, ta yi ɗage, ta yafa masa.

"Ka ɗauki 'yata ba ka turo manya ba, ba ka tambaye ni ba," ta ce, duk coci na ji. "To, na ba ka. Amma ka san al'adarmu. Suruki ba ya zaman kujera ranar hidimar gidan matarsa, shi ke ɗaukar kaya. Dattawa ba za su ba ni kiɗana ba, na sani, su riƙe abinsu. Amma ranar nan kai za ka zo ka ɗauke ni. Da kanka. Kada ka aiko."

Mayafin ya ɗan zame, ta gyara masa a kafaɗa. Sannan ta dawo ta zauna kusa da ni ta damƙe hannuna.