Gurbin da Aka Bari Wayam

Bakwai saura kwata Nevyana Dragneva take shigowa ofis, da guntun banitsa, wainar cuku ta ƙasarmu, naɗe a takarda, da fensir maƙale a kunne. Shekara talatin da huɗu ke nan tana kula da babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan jinin asibitocin yankinmu, nan birnin Ruse. Mako mai zuwa za ta yi ritaya, ni kuwa akwai maganar da ta daɗe tana cina.

Mu masu rubuta wa inji umarni ba yarensa muke ji ba. Akwai manhajar da ke fassara masa, muna ce mata tafinta. Kowa ya yarda da tafinta ido rufe, ban da Nevyana. Ita sai ta buga fassarar a takarda, ta ɗora rula, ta bi layi-layi. Mun sha yi mata dariya, ni ne kan gaba.

Bara waccan aka kawo sabon tafinta mai sauri. Ni ne shugaban sashe, har na yi wa manya alkawarin rana.

Na ce mata, "Yaya Nevyana, Litinin za mu kunna shi."

"Ba za ka kunna ba, Ognyan."

"Haba Yaya, ninki uku fa yake gudu!"

"Gudu zuwa ina? Zauna nan, sarkin gaggawa."

Ta ɗora fensir a kan layi guda na fassarar sabon tafintan. Kowace ledar jini tana da gurbin kwanakin da suka rage mata, in ya kai sifili a zubar. Ma'aikatan ƙananan asibitoci kuwa sun saba, in kwanaki suka ƙare, sai su bar gurbin wayam. Tsohon tafinta lamba yake gwadawa da lamba, wayam a wurinsa sifili ne. Sabon, don rage aiki, kamannin rubutu kawai yake gwadawa. Da ya ga wayam sai ya ce wannan ba sifili ba ne, jinin lafiyarsa lau.

Na ce ai ƙa'ida ta hana barin gurbi wayam.

Ta ce, "Ƙa'idar ce za a ɗaura wa jinin?"

Muka yi gwaji da ainihin bayanan jinin da ke ajiye. Leda goma sha bakwai da suka lalace ya sa a layin fita zuwa ga marasa lafiya. Kunya ta rufe ni. Sauri ya haifi nawa: wata biyu muka yi muna gyara, ita ta sha zagin manya, ba ta taɓa ambatar sunana ba.

Nevyana, ke ce mai duba bayan tafinta. Na gode. Ku matasan sashe, rularta tana kan tebur, wani ya ɗauka.

Mutum goma sha bakwai suna yawo a gari, ba su san sunanki ba, ba su ma san an cece su ba. Shi ya sa na rubuta shi a nan.