Laifin da Na Amsa a Kan Gwiwa

A shekarar da murar nan ta bi gari gari tana kwasar mutane, Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, aka maido ni Kalgo daga gidan mijina a Gwandu, don in yi haihuwar fari a gidanmu.

Naƙuda ta kama ni da hantsi, har la'asar ɗin washegari ina kan gwiwa. Innata ba ta shigo ba, don kunyar ɗiyar fari. Ta aika aka kira ungozomar unguwarmu, wata tsohuwa mai kaifin baki. Da ta shigo ko sannu ba ta ce mini ba. Na yi nishi, ta buge mini baki da bayan hannu, wai ina kunyata gidanmu. Sa'an nan ta kifa turmi ta zauna, ta ce ɗa ba ya maƙalewa haka banza sai in uwar ta ci amanar mijinta. In faɗi gaskiya, ko kuwa ta fita ta bar ni.

Na rantse, na sake rantsewa. Ta miƙe ta ɗauki mayafinta. Ni da na sauke Alƙur'ani a gaban babana na san nauyin ƙarya, amma na ga mutuwa kusa. Na ce wa tsohuwar, "Na yi, Inna. Kada ki tafi."

Kafin magariba na haifi ɗiya mace.

Ba a yi suna ba sai da maganar ta kai Gwandu. Na gama wankan jego, babu wanda ya zo ɗaukata. Na rubuta wa mijina takarda da ajami, shiru. Shekara biyu mata na leƙa fuskar ɗiyata suna neman kamannin wani. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. An kira ungozomar nan don ta kama ni, ita kuwa ta tsaya yi mini shari'a ina cikin jini.

Da ciwo ya kwantar da tsohuwar, ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ɗiyar nan, ki yafe mini. Tafiya ta matso."

Na ce mata abin da ta yaɗa a gari ba a ɗaki za a wanke shi ba. Sai dai ta faɗi gaskiya a gaban liman da wan mijina. Ta ja kwana uku kafin ta yarda, aka aika Gwandu.

A gabansu ta ce duk macen da ta daɗe a kan gwiwa haka take matsa mata, kuma da wuya a sami wadda ba ta amsa ba. Liman ya daɗe yana salati. Wan mijina ya sunkuyar da kai, ya ce in shirya kayana da na ɗiyarsu.

Na juya wajen tsohuwar na ce na yafe, duniya da lahira. Nawa kaɗai na yafe. Na sauran matan yana tsakaninta da su.