Katin Ziyarar Gwaggo Rediyo

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi shekara ashirin da tara tana aiki a ɗakin wankin asibiti. Ita ce ke tura keken zanuwan gado daga ɗaki zuwa ɗaki, ta kwashe masu datti ta ajiye wankakku. Aikin da wata za ta gama cikin minti goma, Gwaggo sai ta kai rabin awa, domin ba ta iya wuce gadon mara lafiya ba ta tsaya ba. Za ta gaishe shi, ta tambayi jiki, kafin ya buɗe baki ta amsa masa da kanta, ta kawo aya, ta ɗora da addu'a, sannan ta ba shi labarin wata mata da ta yi irin ciwonsa ta warke har ta ga jikoki. Nas-nas suka laƙaba mata Rediyo. Ta san da sunan sarai, amma ko a jikinta.

Ni dai ban taɓa ganin mai son marasa lafiya kamar ta ba. Hannuwanta duk sun tsage da sabulu da ruwan zafi, amma kullum akwai 'yar kwalbar mai a aljihun rigar aikinta, na shafa wa tsofaffi a ƙafa. Wanda ba shi da mai jinya, ita ce mai jinyarsa. Sai dai bakin nan nata, Allah ya hore mata shi ba maɓalli.

Da ta yi ritaya, washegari ma ta shirya ta nufi asibitin kamar kullum. Maigadin da suka yi shekaru suna gaisawa ya tare ta a ƙofa, kansa a ƙasa.

"Mama, ki yi haƙuri, ba laifina ba ne. Kin mai da katin aiki. Yanzu sai lokacin ziyara, shi ma sai in kina da naki a kwance."

"Duk na ciki nawa ne," in ji Gwaggo.

"Na sani, Mama. Amma doka ba ta sani ba."

Hanya ɗaya ce ta rage mata. Asibitin na ba masu ziyara na ikilisiya wani kati da ake shiga da shi kowane lokaci, amma sai wanda ya yi wata shida yana zuwa ajin Asabar a makarantar tauhidi, inda ake horar da fastoci, kuma malamin ajin ya sa masa hannu. Gwaggo tana da shekara sittin da ɗaya, gwiwoyinta na ƙara in za ta hau bene, amma ta je ta rubuta sunanta.

Ajin yana hawa na biyu, ɗaki ne mai benci shida da fanka ɗaya mai kuka. Ɗalibai goma sha biyu ne, akwai tela, akwai tsohuwar malamar firamare, akwai direban motar makaranta. Malaminsu wani fasto ne siriri, sanƙo ya fara cin gaban kansa, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada barci. Wata ukun farko Gwaggo ce tauraruwa. Kafin Fasto ya gama faɗin farkon aya ta ƙarasa masa, har da sura da lamba. Ta dawo gida tana cewa ita fa ba ta ga abin da ake koya mata ba, zaman jiran kati kawai take yi.

A wata na huɗu aka zo wurin da gizo ke saƙar. Aka ba kowa takardar shiga asibiti ta wucin gadi, ya ziyarci mara lafiya ɗaya a mako, sannan ya rubuto rahoto. Rahoton kuwa yana da tsarinsa: a ja layi a tsakiyar takarda, a hagu a rubuta abin da mara lafiya ya faɗa, a dama abin da mai ziyara ya faɗa, kalma bayan kalma, ba ragi ba ƙari, ba kuma a sa sunan mutum. Ranar Asabar a karanta a gaban aji.

A nan na shigo cikin labarin. Idon Gwaggo ya yi rauni, ni kuwa aikina ke nan, buga takardu a ofishin makarantar sakandare. Ran Lahadi bayan sujada ta zo falona, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, ta fara zubo mini. Gwaggo ba ta ƙarya, kuma ba ta mantuwa. Gefen dama ya ci shafi huɗu. Gefen hagu kuwa ga abin da ke ciki: "Da sauƙi." "To." "Amin." "To, Mama." Sai fari fat har ƙasa.

"Gwaggo, anya haka ake so?" na tambaye ta.

"Ke dai rubuta. Akawu na ɗauko, ba alƙali ba."

Ranar Asabar na bi ta ajin don in karanta mata. Ina karantawa tana gyaɗa kai, tela na ta faɗin amin. Da na gama, Fasto ya karɓi takardun ya juya su a hankali.

"Mama, mutumin nan me ke damunsa?"

"Ƙafa ce, Fasto. Ciwon suga ya taɓa ta."

"Wannan likita ya sani. Ina nufin me ke damunsa a rai?"

Gwaggo ta buɗe baki, ta rufe. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba.

"Ayoyinki duk daidai ne, Mama, ko ɗaya ba ki kuskure ba," ya ce. "Amma kin yi minti arba'in a wurinsa, kin fito ba ki san shi ba. Ba zan sa hannu ba sai ranar da gefen hagu ya fi na dama."

A hanyar gida ta cika ta batse. Yaron da ta girmi uwarsa, wai shi zai koya mata zama da mara lafiya! Shi gawa nawa ya taɓa rufewa da zane? Na bar ta ta yi ta yi, domin a raina na san Fasto ya yi gaskiya, kuma na ji kunyar cewa mu 'yan gida ba wanda ya taɓa iya gaya mata.

Amma tana son katin, don haka ta gwada. Mako na biyu ta daure minti uku, sai mara lafiyar ta yi tari, Gwaggo ta ce a sanyaya mata rai da aya ɗaya tak, ayar ta haifi 'ya'ya. Wani makon ta jefa alewa a baki don ta tsare harshenta, ta tattaune ta cikin daƙiƙa biyar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Muka yi ta dariya ni da ita, amma dariyar tata ba ta kai ciki ba. Shiru yana ba ta tsoro. Ta ce in ɗaki ya yi tsit sai ta ji kamar ta bar mutum shi kaɗai da ciwonsa. Haka makonni suka yi ta tafiya, gefen dama na raguwa kaɗan-kaɗan, na hagu bai ƙaru ba, har ya rage rahoto ɗaya. In bai karɓu ba, sai ta sake ajin daga farko baɗi.

Lahadin ƙarshe ta shigo falona ba hayaniya. Ta zauna, ta ce in ja layi. Wani tsohon kafinta ta ziyarta, mai ciwon huhu. Ta gaishe shi, ya ce da sauƙi, sai ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, ta kafa wa ledar ƙarin ruwa ido tana ƙirga ɗigo. Ta kai ɗari da wani abu kafin ya yi magana.

Ya ce shi ya san ba zai tashi ba. Kowa ya zo sai ya ce masa zai warke, shi kuma sai ya ce amin don kada ya ba su kunya. Ya ce yana da ƙane, tare suka buɗe shago, suka ɓata a kan injin yankan katako shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Layi biyu ne tsakanin gidajensu, amma ko a hanya ba sa gaisawa. Injin ma ya daɗe da lalacewa. Ya ce ba mutuwar ce ke hana shi sukuni ba, tafiya ba su yi magana ba ce.

Na cika shafi uku a hagu. A dama abu uku kawai Gwaggo ta ce: "Ina jinka." "Sai me ya faru?" "Kana so in kira maka shi?" Ta kuwa je har gida ta kira ƙanen, ya zo da yamma. Addu'ar ma sai da kafintan ya roƙa sannan ta yi, gajeriya.

Ranar Asabar na karanta a gaban aji. Fasto bai yi dogon bayani ba. Ya zaro biro ya sa hannu a takardar karɓar kati, ya miƙa mata ita da hannu biyu, ya ce, "Sannu da aiki, Mama." Tela ya fara tafi, sauran suka bi.

Muka sauko benen a hankali saboda gwiwarta. Ina ta murna, ina tsokanarta cewa yau maigadi zai sha kallo. Ita kuwa da muka kai wurin jiran mota, sai ta zauna a benci, takardar a kan cinyarta.

"Kin tuna kwanciyar Babanku?" ta ce. Mijinta take nufi, wanda ya rasu a asibitin da ta yi aiki shekara shida da suka wuce.

"Na tuna, Gwaggo. Kwana tara ba ki bar gefensa ba."

"Sau uku yana ce mini, zauna, akwai maganar da nake so in gaya miki. Sau uku ina ce masa ya bar irin wannan zance, zai tashi, sai in kama addu'a. Shi kuma sai ya ce amin." Ta shafa takardar da tafin hannunta. "Ina zaton ƙarfafa shi nake yi. Har yau ban san mece ce maganar ba."

Tausayinta ya kama ni. Kalmomin ban haƙuri suka taru a bakina, cewa ai ya san tana ƙaunarsa, cewa ai ba da gangan ta yi ba. Na haɗiye su, na matsa kusa da ita. Motarmu ta zo ta tsaya, mutane suka shiga, ta tashi ta bar mu a zaune.

"Ya kan kira ni da sunana na yarinta in zai faɗi abu mai nauyi," in ji Gwaggo. "Duk sau ukun da shi ya kira ni."

"Ina jinki, Gwaggo," na ce.