An Kulle Jiragen Inna Mai Jirgi a Bayan Gilashi

Tun makon da Inna Mai Jirgi ta yi ritaya, ƙananan jiragen yaƙin da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana nemowa suna kulle cikin kabad ɗin gilashi a falon baƙi na makarantar makafi. A jikin gilashin an manna takarda, an rubuta "Kada a taɓa." Ɗaliban da aka haɗa jiragen dominsu ba su san da takardar ba sai da maigadi ya karanta musu.

Inna ce ke kula da ɗakin kayan koyarwa na makarantar tun tana amarya, yanzu ga ta da jikoki. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a gindin matakala, taga ɗaya gare shi, kullum yana warin gam. Takan riga kowa zuwa da safe, ta goge teburi, ta jera abin da malamai suka nema: taswirar da ta fitar da iyakokinta da igiya, ƙashin kifi a kan katako, ƙwallon duniya da ta yi wa duwatsu da takarda jiƙaƙƙiya. Duk abin da mai ido zai gani a hoto, aikinta ne ta mai da shi abin da hannu zai riƙe.

Maganar jirage daga ajin tarihi ta taso. Wata tsohuwar ɗaliba, wadda yanzu ita ce malamar tarihi a makarantar, ta ce ita ce sanadi.

"Malaminmu na ba mu labarin yaƙin da aka fara amfani da jirage," in ji ta, "sai na ce, Malam, in jirgi na kaɗa fukafukansa, yaya matuƙi ba ya faɗowa? Ba wanda ya yi dariya, don duk ajin haka muke zato. Inna na bakin ƙofa, ta ji."

Da farko Inna ta kawo wani jirgin wasa mai tsawon hannu. Bai yi ba: kafin yaro ya shafo daga jela zuwa hanci ya manta inda ya faro. Ta kawo ɗan ƙarami na zamani, yara suka ce sabulu ne, sumul, ba abin da yatsa zai kama. Daga nan ta gane abin da take nema: jirgin da zai zauna gaba ɗayansa a tafin yaro, kuma ya kasance irin na farkon zamani, mai fukafukai biyu ɗaya bisa ɗaya, da farfela a hanci, tayoyi a waje, gurbin matuƙi a buɗe, bindiga a gabansa. Komai nasa a fili yake, yatsa na iya karantawa.

Irinsu ba a sayar da su a kantunan da ta sani. Suna zuwa ne a 'yan kwalaye, gunduwa-gunduwa a jikin firam ɗin roba, sai an ɓalle an haɗa, kuma ba sa bayyana sai jefi-jefi a ƙasan dilar gwanjon kayan wasa. Wani ɗan gwanjo da ya daɗe da saninta ya ce ranar buɗe dila Inna ba ta fashi.

"Mata na ture juna kan 'yan tsana da motoci, ita kuwa tana tonon ƙasan buhu," in ji shi. "Na ce mata, Inna, wai yaƙi za ki yi ne? Ta ce, da kai zan fara, in ka ƙara sayar wa wani da kwalina."

Yawancin kwalayen ba sa zuwa cikakku. Wani ba farfela, wani fiffike ɗaya. Sai ta ajiye, ta jira wani irinsa ya faɗo, ko da shekara za ta zagayo. Sandunan da ke tsakanin fukafukai, in sun ɓace, tsinken tsintsiya take yankawa. Wayoyin kuma zaren ɗinki ne. Ba ta shafa musu fenti, ta ce fenti na masu ido ne. Gam take ƙarawa a gaɓoɓi, don su jure hannu.

Ranar bikin sallamarta aka ba ta agogon bango da takardar yabo, aka ce a fito falo a ɗauki hoto. A nan ta ga jiragen: an jera su a kan jan ƙyalle, an shafe su da fenti kore, an sa musu fitila. Ta miƙa hannu kamar yadda ta saba, yatsunta suka bugi gilashi. Ta janye hannu, ta shiga layi aka ɗauki hoton.

Washegari ta koma ofishin shugaban makaranta. Malamar tarihi na wurin, ita ta ba da labarin yadda aka yi.

"Inna, ke da bakinki kika ce ba a samunsu," in ji shugaban. "Baƙi masu taimaka mana suna sha'awarsu ƙwarai. In yaro ya karya, wa zai gyara, yanzu da ba kya nan?"

"Ranka ya daɗe, ritaya na yi, ban mutu ba. A aiko min da karyayyen gida."

"Kayan tarihi ne fa yanzu."

"Kayan aji ne. Ba wanda bai taɓa karyewa ba a cikinsu, ni na ɗora su."

Shugaban ya ce zai kai maganar gaban kwamiti.

Tsoron karyewa hujja ce, ba wanda ya musa. Amma gilashi a makarantar makafi bango ne. Abin da aka haɗa don waɗanda ba sa gani, an ajiye shi inda sai mai gani zai amfana, aka kuma rubuta wa masu shi gargaɗi da rubutun da ba sa iya karantawa.

Ke ce, Inna, kika durƙusa a ƙasan buhunan gwanjo har gwiwa ta fara ciwo. Ke ce kika riƙe yatsan yarinya kika ɗora shi a kan farfela, kika ce, wannan ne ke juyawa, fukafukai a tsaye suke. Mai ido a tafin hannu, mun gode. Agogon bango bai biya ki ba, wannan rubutun ma bai biya ki ba.

Duk mai irin wannan kwali a lokar gidansa, ya san akwai hannun da ke jiransa. Duk mai ɗa a makarantar, ya shiga falo ya tambayi inda makullin yake. Duk mai kula da wani ɗan ɗaki a gindin matakala, ya duba yadda ta riƙe nata.

Malamar tarihi ta ce a wannan zangon ajinta zai iso darasin yaƙin jirage. Inna na gida, da wani kwali mai fiffike ɗaya a kan teburinta, tana jiran ɗan gwanjo ya buɗe sabuwar dila. Har zuwa lokacin haɗa wannan rubutu, kwamitin bai zauna ba, makullin kuma na aljihun shugaban makaranta.