Ranar da Na Kai Bature Zaman Makoki

Tsohon da na yi jinya a unguwar Stapleton ta birnin New York marubucin ƙagaggun labarai ne, ɗan ƙasar Ireland. Aikina wanka da magani da abinci. Surutu kuwa kyauta nake ba shi, don ni bakina ba ya hutu.

Tun rasuwar matarsa littafinsa na ƙarshe ya tsaya cak. Kullum sai ya zauna gaban kwamfuta, ya tashi babu ko layi ɗaya. Ya ce min shi da kunne yake rubutu. A kicin ɗin uwarsa ya tashi, inda maƙwabta ke faɗowa ba sallama, mai goge na jingine da bango, tsofaffi na gasar zuba ƙarya. Da ya zo New York ma akwai mashayar da mawaƙa da masu zane 'yan ƙasarsu ke haɗuwa. Yanzu ta koma shagon waya, abokan kuma ƙasa ta rufe musu ido.

"Babin makoki ne ya rage min," in ji shi. "Da matata ta mutu, katin ta'aziyya kawai aka turo min ta ƙarƙashin ƙofa. Na manta yadda ɗaki ke cika."

Maganar ta sosa min rai ƙwarai. A satin nan mahaifiyar wata 'yar cocinmu ta rasu can Najeriya, ana zaman makoki a falon 'yar. Na ce, "Baba, sa kwat ɗinka."

Na tura shi a kekensa na guragu har can. Mata suka matsa suka ba shi wuri. "Sannu Baba, ya ƙarin haƙuri?" Ko "zo" ba ya ji da Hausa, amma ya kasa kunne. Aka yi waƙa, aka yi kuka. Can wata ta tuno yadda marigayiya ke bin akuya da ludayi, ɗaki ya kwashe da dariya. Na waiwaya na fassara masa, sai ga hawaye na bin gemunsa.

"Haka muke yi," in ji shi. "Wallahi ko a ƙauyenmu."

Kafin sanyi ya shigo ya gama babin. Da ya karanta min, kowa a ciki ɗan Ireland ne, amma ga tsohuwa nan da ludayinta.

Da ya rasu, 'yarsa ta iso daga wata jiha, ta tarar da mu 'yan coci cike da falonsa, ga kulolin shinkafa a jere. Ta tambaye ni su waye waɗannan.

Na ce, "Maƙwabta ne. Zauna, yanzu za a fara ba da labarinsa."