Ramin Ƙofar Gidan Haya

A gidanmu ba a haɗa mantuwa da sakaci. Wanda ya manta, mahaifiyata takan yi masa uzuri. Wanda kuwa ya ga abu, ya san shi ne da alhakin gyarawa, ya ce sai anjima, wannan shi ne mai sakaci, kuma ba ta raga masa. A haka na tashi har na yi aure, muka kama haya a Tumfure.

Shekarun nan ne da mutanen Borno ke ta kwararowa Gombe. Ɗakin da ke kusa da namu wata mata ce ta kama, ita da mahaifinta, wani dogon tsoho mai raunin gani da muke kira Baba. Hausarsa ba ta nuna ba, amma kullum sai ya tsaya mun gaisa. 'Yarsa ta ce mini da ƙafa ya ratso daji ranar da aka ƙone garinsu.

Mai gidan hayar, wani Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati, ya sa aka haƙa ramin sokawe na ruwan banɗaki a ƙofar gida, ya bar shi a buɗe. Mijina ya yi masa magana. Ni ma na tare shi da ya zo zagaye.

"Alhaji, ramin nan fa. Ga yara, ga Baba ba ya gani sosai."

"Za a yi, za a yi," ya ce, yana shiga mota.

Muka ɗora tsohon kwanon rufi a kai, iska ta yi gaba da shi. Damina ta kankama, ramin yana nan.

Wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, Baba ya fito zai tafi masallaci. Santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki. Da ƙyar maƙwabta suka ciro shi, ƙugunsa ya karye.

Washegari Alhaji ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Tsautsayi ne, Allah Ya kiyaye gaba," ya ce wa 'yar. "Amma ke ma da sakacinki. Ya za ki bar tsoho ya fita shi kaɗai?"

Ta sunkuyar da kai. "Haka ne, Alhaji." Ina za ta je in ya kore ta?

Ni ce na kasa haɗiyewa.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah! Sau nawa aka faɗa maka? Ita ta haƙa ramin? Sakaci naka ne, ba nata ba!"

Bai ko dube ni ba. Sai ya kira mijina gefe, ya ce mu nemi wani gida.

Kafin Juma'a an rufe ramin da kankare. Ashe aikin yini guda ne.

Mun koma Pantami. Nakan hau keke napep in je in gaishe su. Baba bai sake takawa ba, a kan tabarma nake samunsa yana tambayata ko an kira salla. Har ya rasu, 'yarsa cewa take da ma ta riƙe hannunsa ranar. Na yi, na yi, ta ƙi yarda ba laifinta ba ne.